Ɗakin Sista Ladi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Kawunki Sule da iyalinsa da duk mutanen gidansa a Ikara. Allah ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin san ni ba mai rubuta wasiƙa ba ce. Ƙannenki sun ce in yi maganar a waya su tura miki, na ce a'a, abin da zan faɗa bakina ba zai iya ɗaukarsa ba, ko da ba kya gabana. Don haka ki yi haƙuri da rubutun, na wadda ta koyi boko da girmanta ne.

Kawunki ya zo jiya. Ya ce akwatinki na nan ɗaure a bayan ƙofa, makarantar koyon aikin jinya ta kusa rufe karɓar sababbin ɗalibai, ke kuma kin kafe ba inda za ki sai na ce ki je. Ya yi mini faɗa irin wanda bai taɓa yi mini ba tun muna yara. Ya ce yarinya ta ci jarrabawa, an ba ta gurbi, in ya wuce sai wata shekara ko kuma shi ke nan, ni kuma na zauna na rufe baki kamar an ɗinke shi. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ina tuna ranar da kika durƙusa a gabana ina tsince wake, kika ce, "Yaya, idan ba ki sa mini albarka ba, na haƙura da karatun." Ban ɗago kai ba. Na ci gaba da tsintar wake har gwiwarki ta gaji kika tashi. Har yau Yaya kike ce mini, don haka kika ji ƙanwata Binta tana kirana tun kina koyon magana, ni kuma ban taɓa gyara miki ba. Ke ce 'yar fari, ban taɓa kiran sunanki ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", kamar yadda iyayenmu suka yi da mu. Wataƙila kin ɗauka shirun da na yi ranar irin wannan kawaicin ne, ko kuma ƙin aikin nake yi kamar yadda kika saba jin ina faɗa. Ba ko ɗaya. Tsoro ne. Na san ranar da na ce ki je, ranar na amsa laifin da na shekara da shekaru ina ɓoyewa. Ga shi zan faɗa miki, ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci a kaina.

Kina ƙarama, ba ki shiga firamare ba, aka turo mana ma'aikaciyar jinya ta farko a ɗan asibitin nan na bakin kasuwa. Sista Ladi. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, doguwa, mai saurin tafiya, Hausarta da ɗan karkacewa. Asibitin ba shi da wurin kwana, sai mai gari ya roƙi mahaifinki ya sauke ta, tunda a garin nan baƙo gidan malam yake sauka. Malam ya ba ta ɗakin nan na kusa da zaure, wanda kika tashi kika ga muna zuba masara a ciki. Ke ba ki da aiki sai bin ta. Kina ɗaure wa 'yartsanarki tsumma a hannu wai kina auna mata jini, ita kuma tana kiranki "ƙaramar nas".

Laifina na farko raini ne. Ni 'yar gidan malamai, matar malam, mai karantar da matan aure, kuma mai wanke matan garin nan idan sun rasu. Na dubi aikinta na ce aikin kwasar kashi da fitsari ne, ban ga 'yar mutunci da za ta yi shi ba. Na ware mata kofi, na ware mata buta. Idan ta dawo daga asibiti ta gaishe ni, ina amsawa da ƙyar ina janye zanena. Ban faɗa a gabanta ba, amma na faɗa a gabanki, sau ba adadi, kuma na san kin riƙe. Abin kunya a nan shi ne ni ma jikin mutum nake taɓawa, ni ma ƙazantarsa nake wankewa, sai dai ni nawa ya riga ya cika, kuma ina ganin lada nake samu. Ita da take taɓa mai rai don ya tashi, ita na raina.

To ki ji. Duk wanda ya ce miki aikinki ƙazanta ne, kar ki yi gardama da shi, ki wanke hannunki ki ci gaba. Kuma ke ma kar ki yamutsa fuska a kan mara lafiya. Yana ganin fuskarki, kuma ya fi ki jin kunyar halin da yake ciki.

Laifina na biyu ya fi wannan muni, don shi ne tushen sauran. Kafin Sista ta zo, duk macen da ciki ya dama, ko ɗanta ya ƙi nono, ko kanta ya matsa mata, ɗakina take zuwa. In yi mata tofi, in karɓo mata rubutu wurin Malam, in gaya mata saiwar da za ta jiƙa. Ba kuɗi nake karɓa ba, amma ana durƙusa mini, ana cewa Malama ta ce. Da Sista ta zauna, sai na ga mata suna shigowa zaure, su ɗaga murya su gaishe ni daga nesa, su karkata ɗakinta. Ina zaune a kan tabarmata ina jin dariyarsu. Na gaya wa kaina kishin addini nake yi, wai ana buɗe tsiraicin mata a gaban baƙuwa, wai awon ciki rashin tawakkali ne. Ƙarya nake yi wa kaina. Ƙofata aka daina tsayawa, shi ne ya ci mini rai.

Ita ma, Allah ya ba ta lafiya, ba ta da sauƙi. Bakinta da kaifi. Idan mace ta kawo yaro bayan gudawa ta gama tsotse shi, za ta tsaya a tsakar gida ta zazzaga mata faɗa har maƙwabta su ji, sannan ta karɓi yaron ta zauna da shi da cokali tana ɗura masa ruwan gishiri da sukari har ya buɗe ido. Matan suna jin zafin faɗan, ni kuma ina tattara shi ina ajiyewa. A lokacin ban tsaya na duba ba cewa mace ɗaya ce tak ga garinmu da duk ƙauyukan da ke kewaye, ba mai karɓarta, ba ranar hutu, ga masu haihuwa, ga rigakafi, ga wanda fartanya ta sare. Duk wanda aka ɗora wa wannan, bakinsa zai yi zafi.

Ranar wani suna a unguwar mahauta, mata sun cika gida, na ce musu, "Duk wadda ta kai cikinta aka buɗe a gaban baƙuwa, kar ta sake zama a tabarmar karatuna." Na dawo gida na ce wa Malam gidan malami ba tasha ba ne da za a riƙa sallama ana kiran mace a kowane lokaci tana hawa bayan babur, ko ta fita ko ni in tafi gidanmu. Ya ce, "Malama, amanar gari ce fa aka ba ni." Na ce to ya zaɓa. Mahaifinki mutum ne da ba ya son tashin hankali, kin sani. Ya je ya ba ta haƙuri da bakinsa, ya dawo bai ci tuwo ba.

Ta koma wani ɗan ɗakin ajiya a jikin asibitin, rufinsa na yoyo, a tsakiyar damina. Matan da ke kai mata ruwa da itace suka daina, don tsoron bakina. Awo ya mutu. Kaka na yi ta nemi a sauya mata wuri, aka mayar da ita wajen Dandamisa. Ranar da za ta tafi ta shigo ta yi mini sallama, ta ce in yafe mata idan ta saɓa mini. Na ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya, ina jin daɗi a raina. Ke kuwa kika bi motar da gudu kina kuka sai da Binta ta ɗauko ki. Bayanta an turo wani, bai daɗe ba ya tafi. An turo wata, ta zo ta leƙa, ta ji labarin yadda muka yi da ta farko, ba ta ko sauke kayanta ba. Daga nan asibitin ya koma na buɗewa jefi-jefi, awaki na kwana a barandarsa.

Ga shawarata a kan wannan, kuma ita ce wadda ba za a koya miki a aji ba. Duk garin da aka tura ki, akwai irina a cikinsa. Wata malama, ko ungozoma, ko tsohuwar da mata suka saba tsayawa a ƙofarta. Kafin ki buɗe asibiti ki neme ta. Ki cire takalmi, ki durƙusa, ki gaishe ta har gaisuwar ta ƙare, kar ki yi irin taku ta 'yan makaranta da ido ɗaya a kan waya. Ki ce kin zo ne ku yi aikin tare. Idan mace ta zo awo, ki ce ta biya ta wurin Malama ta yi mata addu'a. Ba wai ki yarda da duk abin da take bayarwa ba, amma kar ki ƙwace mata ƙofa a rana ɗaya. Kuma ki riƙe harshenki. Macen da kika yi wa tsawa a gaban mutane ba za ta dawo ba, za ta zauna a ɗaki da ciwonta. Ban faɗi wannan don in rage laifina ba. Ko da Sista ta fi kowa zaƙin baki, ina jin sai na samo abin da zan kama.

Yanzu sai maganar Binta. Ni na raine ta bayan rasuwar iyayenmu, ni na aurar da ita a garin Malikanchi. Da rani, lokacin saran rake, aka kawo ta wurina goyon ciki, tunda haihuwar fari a gida ake yi. Ta zo ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga, fuskarta ta cika. Na duba na yi dariya, na ce namiji ne, haka cikin ɗa namiji yake yi wa mace. Haka muka ji, haka muke faɗa, matan gidan nan har suna tsokanarta da uwar ango. Ta fara cewa kanta na sara, idonta na ganin walƙiya. Wata rana muna daka ta ajiye taɓarya ta ce a hankali, "Yaya, da Sista na nan da ta auna ni. Ko za a kai ni Ikara?" Na ce mai cikin fari ba ta maganar cikinta, ina kunyarta take? Na ce mu da muka haihu a bayan ƙofa ba wanda ya ji tarinmu, mutuwa muka yi? Ba ta sake tambaya ba. Yarinya ce mai jin magana, ni na koya mata.

Da hantsi abin ya same ta, maza duk suna fadama. Ta faɗi a bakin murhu tana jijjiga, tana tauna harshe. Na ce iska ce. Muka turara mata hayaƙi, na yi ta tofi, aka danne ta. Ta lafa, ta sake, ta lafa, ta sake. Sai bayan azahar, da Malam ya dawo ya gan ta, ya fita da gudu neman mota. Wata mai ɗaukar tumatir aka samu, aka shimfiɗa ta a tsakanin kwanduna, kanta a kan cinyata. Ba mu kai Ikara ba. A hanya ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Ni na wanke ta. Mata sun ce in bari wata ta yi, na ƙi. Zoben da na saya mata na aure ya nutse a yatsarta, na sa sabulu na yi na yi ya ƙi fita, sai da aka kira maƙeri ya ba da abin yanka. A nan, ina riƙe da hannun nan, na san ba ɗa namiji ne ya kumbura shi ba. Daga baya na ji cewa jininta ne ya hau, kuma irin wannan tun da wuri ake gane shi da abin awon nan da kike kwaikwayo da tsumma, a ba da magani, a tura mace babban asibiti kafin ta faɗi. Abin da Sista take yi a ɗakin kusa da zaure ke nan, ni ina ce masa rashin tawakkali. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwananta ne ya ƙare, ni ma na ce haka. Gaskiya ne, kwana na Allah ne, ba nas ɗin da ke ƙara wa mutum numfashi ɗaya. Amma a gidan da na tashi an karantar da ni cewa an umarce mu da neman magani, kuma za a tambayi mutum abin da hannunsa ya hana. Na san wannan tun ina 'yar allo. Na zaɓi rabin karatun da ya rufa mini asiri na bar ɗaya rabin.

Idan kika ga mace mai ciki ta yi shiru ta sunkuyar da kai, kar ki ɗauka lafiya ce. Wataƙila akwai wata Yaya a gida da ta ce mata ta yi shiru. Ki fitar da 'yan rakiya, ki rufe ƙofa, ki tambaye ta a hankali, ki duba ƙafarta da idonki. Kuma kar ki jira su zo. Waɗanda suka fi buƙatarki su ne ba za a bari su fito ba.

Za ki ce bayan Binta na farka. Ban farka ba, taurin kai na ƙara. Mahaifinki yana da hawan jini. Sista ce ta gano, duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ta ɗaure masa hannu a zaure, ta yi masa tsiya a kan gishiri da goro, ta ba shi ƙwayoyinsa. Da ta tafi maganin ya ƙare, ba mai aunawa, ba mai tuna masa. Ya kan ce ƙeyarsa na masa nauyi, in ce yawan duba littafi ne, in dafa masa zoɓo da tafarnuwa. Zuwa Ikara don a auna mutumin da ke tafiya da ƙafarsa, a ganinmu ɓata yini ne. Haka aka yi shekaru har ranar da aka ɗauko shi daga gonar masara, ɓarin jikinsa ya shanye. Wannan kin gani da idonki, kin fara girma. Ni da na ce aikin kwasar kashi da fitsari ne, na yi shi wata da watanni, kuma ban iya ba. Ban san ana juya mara lafiya ba sai da bayansa ya yi gyambo. Ke ce kika je kika tambayo, kika dawo kika nuna mini yadda ake sa matashi a tsakanin gwiwoyi. Ya rasu gemunsa bai gama fari ba. Bai taɓa ce mini ke kika kore ta ba, ko sau ɗaya, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Ki sani aikinki ba na masu haihuwa ba ne kaɗai. Manomin da ya zo yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, matarsa ce ta matsa, ki zaunar da shi ki auna shi. Wanda kika ba magani ya ɓace, ki aika a tambaye shi. Yawancin abin da ke kai mutum ga tsufa irin wannan ne, ƙananan abubuwa da wani ya dage a kansu mako bayan mako, ba wanda ya gode masa.

Ni ba ni da lissafin hukuma, amma mai wankan gawa tana ganin abin da wasu ba sa gani. A shekarun nan na wanke mata masu lalle a ƙafa, na wanke masu ruwan nono a ƙirji, na wanke 'yan mata ƙanana da likkafaninsu bai kai ɗankwali biyu ba. Masu furfura su ne kaɗan. Sa'o'ina da muka yi tashe tare, yawancinsu ni na rufe musu ido. Na ɗauka haka duniya take ko'ina.

Bara na je biki Dandamisa, wanda kika ƙi bina don kina karatun jarrabawa. Da na shiga gidan bikin abin da ya fara tsaya mini a rai tsofaffi ne. Tsofaffin mata jere a gindin bango, suna ɓare gyaɗa, suna faɗa da jikoki a kan mazarƙwaila, wata ba haƙori tana zagin mai kiɗan ƙwarya wai ba ta iya ba. Na zauna kusa da mai wanke matan unguwar, muka taɓa hira irin tamu. Ta ce su ma ana mutuwa, ina za a je, amma ta daɗe ba ta wanke mai jego ba, yawanci tsofaffi take suturtawa. Na tambayi dalili, ta nuna mini da haɓa. Sista Ladi ce zaune a kan kujera, ta yi ƙiba, kanta fari. A can ta zauna har ta bar aiki. Sun ba ta ɗaki, sun jure faɗanta, 'yan matan garin suka taso suna ganinta, wasu suka bi sahunta suka dawo, yanzu ba mutum ɗaya ke riƙe da asibitinsu ba. In wata ta gaji wata ta karɓa.

Na so in sulale, ta riga ta gan ni. Ta taso da murna ta riƙe hannuna biyu, kamar ban taɓa ware mata kofi ba. Ta ce, "Malama! Ina Malam, yana dai shan maganinsa? Ina Binta, 'ya'yanta nawa yanzu?" Na buɗe baki na kasa. Ta dubi fuskata, ta gane, ta saki hannuna a hankali ta ce Allah ya jiƙansu. Can ta ce, "Ƙaramar nas fa?" Na ce kina nan. Ban gaya mata kina neman makarantar jinya ba, ban gaya mata ni ce nake hanawa ba. Ban kuma nemi gafararta ba. Na dawo gida a bayan mota ina kuka cikin mayafi, mata suna cewa Malama ta tuna Malam.

Duk da haka da kika durƙusa na ci gaba da tsintar wake. Kin ga irin uwar da Allah ya ba ki.

Jiya bayan Kawunki ya tafi, matan karatu suka zo da la'asar. Ban buɗe littafi ba. Na ce musu maganar da na yi a gidan suna shekarun baya kuskure ce, son girma ne ya sa ni, duk mai ciki ta je awo ko da Ikara ne, wadda mijinta ya hana ta zo ta gaya mini in aika masa. Na ce su yafe mini. Sai Iya Talatu, wadda na wanke mata 'ya'ya mata biyu da hannuna, ta ce, "Malama, ai mun daɗe da sani. Jira muke ki faɗa." Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba, kuma na san ban gama biya ba. Bayan sallah zan koma Dandamisa in durƙusa wa Sista in faɗi abin da na kasa faɗa.

Sauran abin da zan gaya miki kaɗan ne. Ki riƙe sallarki, ko aiki ya hana ki a kan lokaci ki yi da zarar kin samu sarari. Ki ci abinci, na san halinki in kin sa abu a gaba. Abin da kika gani a jikin mutum ki bar shi a can, kamar yadda ni ban taɓa faɗin abin da na gani a wurin wanka ba. Wannan kaɗai ne a sana'ata zan iya cewa ki yi koyi da ni. Kar ki bambanta kofin kowa. Idan kin gaji ki ce kin gaji, kar ki huce a kan mara lafiya.

Na ji ana cewa masu irin karatunku birni suke zama, wasu har ƙasashen waje ake ɗibarsu. Ba zan ɗaure ki da alkawari ba, ba ni da bakin da zan ce dole ki dawo garin da na kori wadda ta zo. In rabonki na can, Allah ya sa albarka. Amma ki sani na sa ƙannenki sun kwashe masarar da ke ɗakin kusa da zaure. Yau da safe na share shi da kaina, na cire yanar gizo, gobe mai gini zai zo ya liƙe inda ɓera ya huda. Na aika wa mai gari cewa duk nas ɗin da aka turo, ko daga ina take, ko wane addini take yi, masaukinta na nan, ruwanta da itacenta a wuyana. In ke ce, to. In wata ce, 'yar wani ce ita ma, kuma a kofina za ta sha. Na kuma fara duba 'yan matan da ke zuwa karatu wurina, akwai masu kai a cikinsu, zan bi iyayensu gida-gida, don mutum ɗaya ba ya riƙe gari. Ina so kafin ƙarfina ya ƙare in ga ina wanke tsofaffi, in kuma an zo kaina a ce tsohuwa ce ta tafi.

Na yafe miki duk abin da kika yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ko da yake ban san wani ba. Ke ma ki yafe mini, na raba ki da Binta, na raba ki da mahaifinki da wuri, na kusa raba ki da wannan. Allah ya kai ki lafiya, ya buɗe miki ƙirji, ya sa waraka a hannunki, ya haɗa ki da mutanen da suka fi ni kirki a duk garin da kika sauka. Allah ya tsare gabanki da bayanki. Amin.

Ki ɗauki akwatinki. Rukayya, je ki, Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki.